Karatun tattalin arzikin zagaye a jami'a: ya cancanci kuɗi da shekarun da za a zuba masa?

Tambaya: Na gama digirin farko a fannin akanta, na kuma kammala bautar ƙasa. Ina ganin tallan digiri na biyu a kan tattalin arzikin zagaye da kasuwanci mai ɗorewa a jami'o'in Turai, har na fara shirin neman tallafin karatu. Mahaifina yana ganin aikin banki ya fi, yana cewa karatun shara ba ya kai mutum ko'ina. Me ake koyarwa a ciki, kuma akwai aiki a bayansa?

Amsa: Ƙanwata, ki nema, amma da sharaɗi. Fannin nan yana amfanar wanda ya zo masa da sana'a a hannu: akanta, injiniya, masanin sinadarai, mai karatun noma, lauya. Wanda ya shige shi hannu rabbana yakan fito da kalmomi masu daɗin ji, amma in aka ajiye masa takardun masana'anta aka ce ya nuna inda kaya da kuɗi ke zurarewa, sai ya rasa ta cewa. Na ga irin waɗannan ɗalibai, kuma abin yana damuna, domin yawancinsu masu kishi ne. Ke kina da lissafi, lissafi kuwa shi ne abin da fannin ya fi ƙishirwarsa. Maganar Baba ma ba ta faɗi ƙasa ba, zan zo kanta.

Abin da ake nufi da tattalin arzikin zagaye ba shi da wuyar ganewa. Tun da aka fara manyan masana'antu hanya ɗaya ake bi: a haƙo, a ƙera, a sayar, a yi amfani, a zubar. Masu wannan fanni suna cewa a tsara kaya da cinikinsu tun daga tushe yadda za su daɗe a hannun mutane. In sun lalace a gyara, in mai su ya gaji da su wani ya karɓa, in sun tsufa a kwance a sabunta, sai in duk wannan ya gagara sannan a narke a mai da su ɗanyen kaya. Ki lura da jerin nan, don mutane da yawa da sun ji maganar sai hankalinsu ya tafi kan narka roba da gwangwani, alhali shi ne mataki na ƙarshe kuma mafi ƙarancin riba. Wayar da aka canja wa batir ko gilashi tana nan da darajarta. In aka farfasa ta don a ciri jan ƙarfe da ɗan zinaren da ke ciki, duk aikin da aka zuba wajen ƙera ta ya tafi, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Tunanin ya girmi tashen da yake yi yanzu. Masanin tattalin arziki Kenneth Boulding ya yi rubutu a kansa tun 1966. A 1976 Walter Stahel, ɗan ƙasar Suwizalan, ya gabatar wa hukumar ƙasashen Turai rahoto da ke nuna cewa gyara da tsawaita ran kaya sun fi ƙera sabo samar da aikin yi, sun kuma fi shi ƙarancin cin makamashi. Wadda ta shigar da maganar ofisoshin manyan kamfanoni ita ce Ellen MacArthur, 'yar Ingila da ta zagaya duniya ita kaɗai a jirgin ruwa a 2005, ta kafa gidauniyarta a 2010. Ƙasar Sin ta yi doka a kai a 2008, Tarayyar Turai ta fitar da tsarinta a 2015 ta sabunta shi a 2020, sannan a 2017 Najeriya da Ruwanda da Afirka ta Kudu suka kafa ƙawancen Afirka a kan batun. Jami'o'i sun biyo bayan dokokin ne, shi ya sa kike ganin tallan a ko'ina.

Yanzu abin da ke cikin aji. Kwas mai kyau yana tsaye ne a kan awo iri biyu, kuma a kansu zan fi tsayawa, don su ne abin da za ki sayar a kasuwar aiki.

Na farko shi ne bin sawun kaya. Za ki ɗauki masana'anta, ko gari, ko ƙasa guda, ki lissafa abin da ya shiga, abin da ya fita, da abin da ya zauna a ciki. Tan nawa na shanshera ya shiga injin casa, nawa ya fito a matsayin shinkafa, nawa ya zama dusa, nawa ya zama ɓuntu, ɓuntun kuma ina ya nufa. Dole ɓangarorin biyu su yi daidai, kamar yadda kika saba a littafin kuɗi, sai dai a nan da kilo da tan ake yi. Duk inda suka ƙi daidaita, to a nan asara ko gurɓata take ɓoye. Da irin wannan lissafin ne wata ƙungiya a Amsterdam mai suna Circle Economy ta nuna cewa a 2018 kashi 9.1 cikin ɗari kawai na kayan da duniya ke amfani da su ne suka dawo daga tsofaffin kaya, kuma zuwa 2023 adadin ya sauka zuwa kashi 7.2. Dalilin saukar shi ne haƙo sabo yana gudu fiye da dawo da tsoho. Da shi ne kuma aka ƙiyasta a 2017 cewa cikin dukan robar da ta taɓa zama shara a duniya, kashi 9 kacal aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran suna jibge a juji ko a warwatse. A 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na kayan lantarki, ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu ne aka tattara ta hanyar da hukumomi suka san da ita.

Na biyu shi ne nazarin rayuwar kaya, wanda ake taƙaita sunansa da LCA, kuma yana da ƙa'idojinsa na duniya, ISO 14040 da 14044. A nan za ki bi abu ɗaya tun daga haƙo ko noma abin da aka yi shi da shi har zuwa ranar da aka zubar, ki auna wuta da ruwa da hayaƙi da gubar kowane mataki. Amfaninsa shi ne yana karya zato. Hukumar muhalli ta Ingila ta fitar da bincike a 2011 da ya nuna cewa, ta fuskar hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai an yi cefane da jakar auduga sau 131 kafin ta rama abin da leda guda da aka yi amfani da ita sau ɗaya ta jawo, saboda noman auduga da saƙa suna cin makamashi da yawa. Ɗalibi mai rauni zai haddace wannan ya ce ashe leda ta fi. Ɗalibi mai kyau zai tambaya me aka auna, me aka bari. Ba a auna ledar da ta toshe magudanar ruwa da damina ba, ba a auna wadda akuya ta haɗiye ta kumbura ta mutu ba, domin a ƙasar da aka yi binciken ana kwashe shara. Iya karanta iyakar bincike irin wannan, da iya sake yin sa da bayanan garinku, shi ne ainihin ilimin. Ki sani kuma rumbunan bayanan da manhajojin kwamfuta na wannan nazari ke dogaro da su, irin su ecoinvent, sun fi ƙarfi a kan masana'antun Turai. Masana'antar da ke kwana a kan janareto lissafinta daban ne, kuma sai kin je da kanki kin auna.

Bayan awo sai tsarin ciniki. Za ku yi nazarin kamfanonin da suka sauya yadda suke samun kuɗi. Rolls-Royce, mai ƙera injinan jirgin sama, an daɗe da saninsa da tsarin da mai jirgi zai biya kuɗin awannin da injin ya yi aiki, gyara kuma yana wuyan maƙerin. Philips ya yi irin wannan da filin jirgin saman Schiphol na Holan a 2015: filin yana biyan kuɗin haske, fitilun na kamfani ne. Caterpillar tun 1973 yake karɓar tsofaffin sassan injuna yana sabunta su yana sayarwa da garanti. Hikimar ɗaya ce: in kayan suna nan a matsayin dukiyar wanda ya ƙera, ribarsa tana cikin su daɗe. A nan akanta ke da bakin magana, domin irin wannan tsarin yana sauya komai a littafi. Kuɗin da a da ke shigowa gaba ɗaya ranar sayarwa yanzu zai riƙa ɗigowa cikin shekaru, kaya sun zauna a jerin kadarori, buƙatar jari ta ƙaru. A ƙasar da kuɗin ruwan banki ya haura kashi 20 cikin ɗari, tsarin da ya yi riba a Holan zai iya kashe kamfani. Injiniya ba zai hango wannan da wuri ba, ke za ki hango.

Za ku kuma ji labarin Kalundborg, wani ƙaramin gari a Denmak, har ki gaji. Can ne masana'antu suka shafe shekaru tun wajen 1970 suna sayar wa juna abin da ya rage musu. Tururin tashar wuta ya tafi kamfanin magani da matatar mai, zafin da ya rage ya ɗumama gidajen gari, farar ƙasar da aka tace daga hayaƙi ta zama allon silin, toka ta tafi siminti, ragowar kamfanin magani ya zama taki a gonaki. Abin da ba a cika jaddadawa ba shi ne babu wanda ya zauna ya zana wannan tun farko. Yarjejeniya ce tsakanin kamfani da kamfani, kowace sai da ta biya kanta, kuma shugabannin sun san juna sun yarda da juna. Duk lokacin da na ratsa Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, sai na tuna da wannan, don abin da wani ke biya a kwashe masa, wani a layi na gaba yana saye daga nesa.

Sai doka. Muhimmin abu a nan shi ne ɗora wa mai ƙera kaya alhakin abin da kayansa suka zama bayan an gama da su, tunanin da Thomas Lindhqvist na jami'ar Lund ya tsara a 1990, Jamus ta fara aiki da shi a kan kwali da robar kunshi a 1991. Jamus ɗin ce kuma ta wajabta kuɗin ajiya a kan robar abin sha tun 2003, yau santi 25 na kuɗin yuro ne kowace, kuma fiye da kashi 95 cikin ɗari suna dawowa. Wannan ba baƙo ba ne gare mu, duk wanda ya taɓa barin kuɗin kwalba a shagon lemo ya san shi.

Kwas na gaskiya zai koya miki sukar fannin ma, kuma in bai yi ba ki yi shakkarsa. Wasu masu bincike a Holan sun tattara ma'anoni 114 daban-daban da ake ba shi a 2017, wanda ke nuna kowa na iya laƙa wa hajarsa sunan. Zagayen kuma ba ya taɓa rufewa ruf. Takarda takan jure sake sarrafawa sau biyar zuwa bakwai kafin zarenta ya gajarce, roba tana rage inganci a kowane juyi, ƙarfe da alminiyam ne suka fi jurewa, narka tsohon alminiyam kuma yana rage kusan kashi 95 na wutar da sabo ke ci. Akwai kuma abin da William Stanley Jevons ya lura da shi tun 1865 a kan kwal ɗin Ingila: in abu ya yi araha saboda an iya tattalinsa, sai mutane su ƙara yawan amfani da shi. Sannan ƙasar da har yanzu take gina gidaje da tituna da asibitoci ba ta da isasshen tsohon ƙarfen da za ta narka, dole ta buƙaci sabo. Wanda ya ce miki fannin nan zai warware komai, talla yake yi.

To ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba za ki same shi sosai a ajin Turai ba. Manhajarsu an gina ta ne don magance matsalarsu. Su gyara ne ya mutu a wurinsu, saboda kuɗin mai gyara ya fi na sabon kaya, har sai da Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 don ba mutane haƙƙin a gyara musu kayansu. Mu gyara bai taɓa mutuwa ba. Ki shiga Farm Centre a Kano ki ga yadda ake tayar da wayar da a can an riga an jefar. Ki shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa, ko Katako a Yamai inda ake zuba tukwane daga tsohon alminiyam, ko Suame a Kumasi. Mafi yawan rodin da ake yi a Najeriya daga tsofaffin ƙarafa ne, waɗanda 'yan gwangwan da 'yan jari bola suka tsinto gida-gida, dillalai suka tara, tireloli suka kai kamfanonin narkawa. Tun kafin wannan ma, manoman kewayen Kano sun daɗe suna shigo da itace da amfanin gona birni a kan jakuna suna komawa da mangalar taki, abin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazari, kuma yana cikin dalilan da suka sa gonakin suka jure noma shekara da shekaru ba hutu. Harawa, kara, dusa, ƙuli-ƙuli, babu wanda ake zubarwa.

Saboda haka matsalarmu daban ce, kuma ina roƙonki kada ki bari a mai da talauci abin ado a gabanki. Yaron da ke ƙona waya don ya ciri jan ƙarfe yana shaƙar guba. Wanda ke fasa batirin mota ko na sola da adda yana zubar da ruwansa a ƙasa yana kai dalma gida a jikin rigarsa, kuma mun ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Yanzu da sola ta shiga kowane lungu, tambayar inda matattun batura za su tafi tana nan tafe da ƙarfi. Mai tsintar ba shi da safar hannu, ba shi da takardar shaida, ba shi da ikon tsayar da farashi, banki ba ya kallonsa. Sata da ɓarnar wasu ɓata-gari sun sa hukumomi a wurare da dama sun hana sana'ar gaba ɗaya, mai gaskiya da maras gaskiya suka sha tare. Sannan akwai sharar da ake turo mana da sunan gwanjo. Najeriya ta ɗanɗana mafi muninta a 1988, lokacin da aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, abin da ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta farko a ƙasar, ya kuma ƙara ingiza yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991.

Darasi biyu nake so ki nema ki karanta da kanki. A Alƙahira, iyalan da ake kira Zabbalin sun daɗe suna kwasar shara gida-gida, an ƙiyasta suna cin moriyar kusan kashi 80 na abin da suka kwasa. A 2003 hukuma ta ba kamfanonin waje kwangilar aikin, kamfanonin suka zo da manyan motoci, abin da suke dawo da shi bai kai kusa da na Zabbalin ba. Birazil ta bi wata hanya: dokarta ta 2010 ta amince da ƙungiyoyin masu tsinta a matsayin ɓangare na tsarin, kuma ƙasar ta daɗe tana dawo da fiye da kashi 95 na gwangwanayen abin sha. Wanda ya dawo da digiri ya ce zai share 'yan jari bola ya kawo tsarin zamani, hanyar Alƙahira ya ɗauka. Aikin mai ilimi a nan shi ne ya sa sana'ar ta zama mai tsafta, mai rajista, mai samun bashi, mai kaya masu ingancin da babban kamfani zai saya.

Mu dawo kan tambayar Baba, wato aiki. Gaskiya ita ce da wuya ki ga talla a jarida ana neman masanin tattalin arzikin zagaye da wannan sunan. Aikin yana ɓoye ne a ƙarƙashin wasu sunaye, kuma mafi kusa da ke shi ne rahoton ɗorewa, wato rahoton da kamfani ke fitarwa kan al'amuransa da suka shafi muhalli da al'umma. A Yunin 2023 aka fitar da ƙa'idojin duniya guda biyu, IFRS S1 da S2, daga gidan da ke fitar da ƙa'idojin akanta da kika karanta. Najeriya tana cikin ƙasashen farko da suka ce za su ɗauka, kuma jadawalin FRC, hukumar da ke sa ido a kan rahoton kuɗin kamfanoni, ya bar shi a matsayin ganin dama zuwa 2027, daga 2028 ya zama wajibi a kan manyan kamfanonin da jama'a ke da ruwa da tsaki a cikinsu. Ma'ana bankuna, kamfanonin siminti, na sadarwa, na abinci, da masu binciken littattafansu, duk za su buƙaci wanda ya iya lissafa hayaƙi da ruwa da shara da irin tsantsenin da ake lissafa kuɗi. Bankunan ma tun 2012 Babban Banki ya ɗora musu ƙa'idojin ɗorewa, kuma a 2017 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da gwamnatinta ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli. Wato ko bankin da Baba ke so, akwai teburin wannan aiki a cikinsa.

Ƙofa ta biyu ita ce bin doka. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana tafiyar da tsarin ɗora alhaki a kan masu ƙera kaya, kuma a ƙarƙashinsa aka samu ƙungiyoyi irin su FBRA ta masu abinci da abin sha da EPRON ta kayan lantarki, dukansu a 2018. Legas ta hana robar kumfa ta zuba abinci a farkon 2024. Masu fitar da kaya waje kuma suna fuskantar tambayoyin da ba a yi musu a da: tun Oktoban 2023 Turai ta fara neman bayanin hayaƙin da ke bayan ƙarfe da alminiyam da siminti da takin zamanin da ake shigar mata, masu sayen fata kuma suna son sanin inda ruwan majema ke zuwa. Ƙofa ta uku ita ce ki kafa naki. Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa Wecyclers a Legas a 2012 bayan karatun kasuwanci a Amurka, da kekunan da ke karɓar roba gida-gida ana ba mutane lada. Sai dai ki shiga da ido buɗe. Roba ba ta da nauyi amma tana cin wuri, in ba ki da injin matsewa kuɗin mota zai cinye ribar, kuma duk lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, sabuwar roba takan yi araha ta karya farashin tsohuwar da kike sayarwa.

Wajen zaɓen makaranta, kada sunan kwas ya ruɗe ki. Ki buɗe jerin darussan ki duba abu uku. Akwai darasin awo da za ki taɓa manhaja da hannunki, ko kuwa duk tattaunawa ce? Akwai aiki da kamfani na gaske da bayanansa na gaske? Za a bar ki ki yi binciken kammalawa a gida? In amsar ta farko a'a ce, ki wuce. Delft da Leiden a Holan suna da kwas na haɗin gwiwa mai ƙarfi ta fuskar awo. Chalmers a Suwidin da NTNU a Nowe haka, amma sun fi karkata ga masu tushen injiniya da kimiyya, don haka ki karanta sharuɗɗan shiga da kyau. Lund ta fi ƙarfi a kan doka da tafiyar da kamfani, kuma tana karɓar masu tushe daban-daban. A Ingila, Exeter da Bradford da Cranfield sun yi suna a fannin ta ɓangaren kasuwanci, wanda ya fi dacewa da ke.

Kada kuma ki raina gida. Jami'ar Bayero tana da sashen kula da muhalli, Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin jami'o'i shida da ke da cibiyoyin SPESSE masu horarwa a kan ƙa'idojin muhalli da sayen kaya, makarantar kasuwanci ta Legas tana da cibiyar ɗorewa, akwai kuma 2iE a Wagadugu ga mai Faransanci. Abin da za ki rasa a gida shi ne manhajoji masu tsada da wasu ƙwararrun malamai. Abin da za ki samu shi ne filin bincike a ƙofar gidanku. Digiri a gida tare da bincike mai ƙarfi a kan, a misali, inda ɓuntun injinan shinkafar Kano ko Kebbi ke tafiya da abin da zai ci a mai da shi makamashi, ko yadda kuɗi ke rabuwa daga mai tsintar roba zuwa kamfanin da ke niƙa ta, ya fi digirin waje da aka rubuta a kan wani gari da ba za ki sake takawa ba.

Shawarata a aikace ita ce ki karɓi maganar Baba a matsayin matakin farko. Manyan tallafin da kike hange, Chevening na Birtaniya da yawancin na DAAD na Jamus masu alaƙa da ci gaba, suna neman shekara biyu na aiki, na cibiyar Suwidin ma yana neman gogewar aiki. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai ne ya fi sassauci a nan, amma gasarsa tana da zafi. Don haka ki kama aikin, banki ko kamfanin binciken kuɗi ko, in kin samu, sashen kuɗi na masana'anta, wanda a ganina ya fi duka domin za ki ga kaya da idonki. Ki gama jarrabawar ƙwararrun akanta ta ICAN ko ANAN a wannan tsakanin. Ki yi kwasa-kwasan Delft da Lund da ke intanet, waɗanda wasunsu ake iya bi kyauta, don ki gwada ko zuciyarki na ciki da gaske. Ki sauke openLCA, manhajar yin nazarin rayuwar kaya, kyauta ce, ki fara wasa da ita. Ki karanta S1 da S2 da kanki, kada ki tsaya a taƙaitawar wasu. A wurin aiki, duk ranar da aka ce wa zai haɗa bayanan dizal da wuta da ruwa na rahoton shekara, aikin da kowa ke gudu, ki ɗaga hannu.

Sannan ki samu dillalin jari bola ɗaya a unguwarku, ki je da wani babba daga gida don a san da mutunci kika zo, ki nemi izinin duba yadda yake saye da sayarwa. Ki taimaka masa ya tsara littafinsa, ke kuma ki koyi farashi da nauyi da asarar da ke tsakanin sikelinsa da na kamfani. Shafi biyu na abin da kika gano a wurinsa, da alƙaluman da kika tattara da hannunki, su za ki sa a gaba a takardar neman tallafin, kuma su za ki fara nuna wa Baba kafin ki nuna wa kowa.